Eric Liddell: Zakaran Olamfik da ya fifita Allah a kan zinare da suna

A ranar Lahadi 6 ga watan Yulin 1924 aka fara zagayen share fage na tseren mita 100 a gasar Olamfik da aka yi a birnin Paris na ƙasar Faransa, amma ɗaya daga cikin 'yan tseren da Birtaniya ta fi sa rai da su bai shiga fili ba.

Ba rauni ya ji ba, ba kuma dakatar da shi aka yi ba. Eric Liddell, ɗan yankin Scotland mai shekara 22, ya ce ne ba zai yi gasa a ranar Lahadi ba, domin a wurinsa rana ce da aka keɓe wa Allah.

Shekaru sama da 100 bayan haka, har yanzu masu wa'azi a coci-coci na ambaton sunansa idan ana maganar sa Allah a gaba da neman duniya.

Sai dai ƙin gudun da ya yi a Paris somin-taɓi ne. Abin da ya bari daga baya ya fi lambar zinare nauyi, kuma ba shi kaɗai ya ɗauki nauyin wannan zaɓi ba.

Wane ne Eric Liddell?

An haife shi ranar 16 ga Janairun 1902 a birnin Tianjin da ke arewacin ƙasar Sin. Iyayensa 'yan Scotland ne da ke aikin mishan a ƙarƙashin ƙungiyar London Missionary Society.

Yana ɗan shekara shida aka sa shi da yayansa Robert a makarantar kwana ta 'ya'yan 'yan mishan a Landan, wadda daga baya aka san ta da suna Eltham College. Iyayen suka koma bakin aikinsu a Sin, sai an yi shekaru kafin su sake haɗuwa da yaran.

A shekarar 1920 ya shiga Jami'ar Edinburgh domin karatun kimiyya, kuma a nan ne tauraruwarsa ta fara haskawa.

Ya buga wa Scotland ƙwallon zari-ruga sau bakwai a shekarun 1922 da 1923, kafin ya mayar da hankali kacokan a kan tsere.

A 1923 ya lashe tseren yadi 100 na Birtaniya cikin daƙiƙa 9.7, tarihin da aka shafe fiye da shekara 20 ba a karya ba a ƙasar.

A wannan shekarar ce kuma, a wani tseren yadi 440 a garin Stoke-on-Trent, aka bangaje shi ya faɗi jim kaɗan da fara gudu. Ya tashi ya bi bayan abokan karawarsa da suka riga suka yi masa nisa, ya wuce su ɗaya bayan ɗaya, ya zo na ɗaya, sannan ya zube ƙasa don gajiya.

Salon gudunsa ma abin kallo ne: kai a ɗage sama, baki a buɗe, hannuwa na ta wutsil-wutsil. Masana tsere ba sa yabon salon, amma kamo shi ya gagara.

Me ya sa ranar Lahadi?

Kiristoci na taruwa domin sujada a ranar Lahadi ne saboda sun yi imani cewa a ranar ce Yesu Almasihu ya tashi daga matattu.

A cikin Dokoki Goma da ke littafin Fitowa akwai umarnin keɓe rana ɗaya cikin bakwai domin hutu da bautar Allah. Yahudawa na kiyaye ranar Asabar, yayin da akasarin Kiristoci suka mayar da wannan hutu ranar Lahadi. A shekara ta 321 Sarkin Rum Constantine ya ayyana Lahadi a matsayin ranar hutu a daularsa.

Ba dukkan ɗarikun Kirista ne ke tsananta wannan al'amari ba. Da yawa na zuwa coci da safe, da yamma su tafi kasuwa ko filin ƙwallo, kuma ba sa ganin laifin haka.

Amma a Scotland ta zamanin Liddell abin ya sha bamban. Tun a 1647 Cocin Scotland ya rungumi kundin aƙida na Westminster, wanda ya koyar da cewa a yinin Lahadi baki ɗaya mutum zai ajiye sana'arsa da wasanninsa, in ban da aikin dole da aikin jinƙai.

A cikin wannan tarbiyya Liddell ya tashi. Tun a watan Afrilun 1923 ya fara fitowa bainar jama'a yana wa'azi, inda ya soma da wani taro a garin Armadale, kuma sunansa na ɗan wasa ya riƙa jawo matasan da ba sa leƙa coci.

Abin da koyarwar ta ƙunsa

Tushen wannan ra'ayi yana cikin wa'azin da Yesu ya yi a kan dutse, a sura ta 6 ta littafin Matiyu.

A nan ya gargaɗi almajiransa cewa mutum ba zai iya yi wa Allah da dukiya bauta lokaci guda ba, dole ɗaya ya rinjayi ɗaya. Bahaushe zai ce taura biyu ba ta taunuwa.

Ya kuma yi musu magana a kan fargabar abin da za a ci da abin da za a sa, ya ce mulkin Allah da adalcinsa ne ya kamata su zama abin nema na farko, sauran buƙatu kuma Allah ya san da su.

A littafin Markus sura ta 8 ma akwai tambayar da ake yawan maimaitawa a coci, game da ribar mutumin da ya mallaki duniya amma ya yi asarar ransa.

Malaman Kirista da dama na bayanin cewa waɗannan ayoyi ba su haramta aiki ko arziki ko suna ba. Magana ce ta abin da ke gaba da abin da ke baya.

Augustine, bishop ɗin garin Hippo da ke ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya koyar da cewa abubuwan duniya masu kyau ne tunda Allah ya halicce su. Ɓarnar na zuwa ne idan mutum ya hargitsa tsarin ƙaunarsa, ya ɗora ƙaramin abu a matsayin babba.

Haka Liddell ya ɗauki tsere. Bai taɓa kallonsa a matsayin zunubi ba, yana jin daɗinsa, yana kuma yin atisaye tuƙuru. Abin da ya ƙi shi ne tseren ya zama shi ke yanke masa hukuncin abin da zai yi da ranar ibadarsa.

Daga mita 100 zuwa mita 400

Fim ɗin Chariots of Fire na shekarar 1981 ya nuna kamar Liddell ya samu labarin jadawalin ne a lokacin da yake shirin shiga jirgin ruwa zuwa Faransa.

Gaskiyar magana ita ce an fitar da jadawalin watanni kafin gasar, kuma tun a lokacin ya sanar da matsayinsa. Wannan ya ba jami'an wasanni damar lallashinsa, ya kuma ba masu suka damar caccakarsa, inda wasu suka zarge shi da fifita ra'ayinsa a kan ƙasarsa.

Bai sauya ba. Matakin ya kuma fitar da shi daga tseren miƙa sanda guda biyu, na mita 100 sau huɗu da na mita 400 sau huɗu, domin su ma sun faɗo a ranar Lahadi.

Sai ya koma atisayen mita 200 da mita 400. A lokacin zamansa a Paris ya yi wa'azi a cocin 'yan Scotland da ke birnin.

Takwaransa ɗan Ingila, Harold Abrahams, shi ya lashe tseren mita 100 cikin daƙiƙa 10.6. Liddell kuma ya samu tagulla a mita 200, bayan Amurkawa biyu, Jackson Scholz da Charley Paddock.

A mita 400 kuwa ba shi ake yi wa kallon zakara ba. Kafin gasar ya yi yadi 440 cikin daƙiƙa 49.6, alhali a zagayen share fage a Paris Josef Imbach na Switzerland ya yi daƙiƙa 48.0, sannan Horatio Fitch na Amurka ya yi 47.8.

A ranar Juma'a 11 ga Yuli, ranar tseren ƙarshe, wani mai yi wa 'yan wasan Birtaniya tausa ya miƙa masa wata 'yar takarda. A ciki ya tuna masa da ayar da ke 1 Sama'ila 2:30, wadda ke magana a kan yadda Allah ke ɗaukaka masu girmama shi.

Ƙuri'a ta ba shi layin waje, inda ɗan tsere ba ya ganin abokan karawarsa. Da aka harba bindiga sai ya fizga kamar mai gudun mita 200, ya cinye rabin farko cikin daƙiƙa 22.2.

Masu kallo sun zaci zai sare kafin ƙarshe. Bai sare ba. Ya kammala cikin daƙiƙa 47.6, ya kafa sabon tarihi, ya bar Fitch a matsayi na biyu da tazara mai yawa, Guy Butler na Birtaniya kuma ya zo na uku.

Zaɓin da ya fi na Paris girma

Kwana shida bayan nasarar, ranar 17 ga Yuli, ya karɓi digirinsa a Edinburgh, inda ɗalibai suka ɗauke shi a kafaɗa suka zaga da shi cikin gari.

A lokacin babu ɗan wasan da ya kai shi farin jini a Scotland. Shekarunsa 22 kacal, kuma gasar Olamfik ta 1928 a Amsterdam na tafe a daidai lokacin da ɗan tsere ke kan ganiyarsa.

Amma ya riga ya yanke shawarar komawa ƙasar da aka haife shi. Ya yi shekara guda yana karatun tauhidin Kirista, ya yi gasarsa ta ƙarshe a Scotland a filin Hampden Park na Glasgow a 1925, inda ya lashe tseren yadi 100 da 220 da 440.

Bayan haka ya hau jirgin ƙasa a tashar Waverley ta Edinburgh, jama'a suka yi masa rakiya da waƙoƙin coci.

A Tianjin ya zama malamin kimiyya a makarantar Anglo-Chinese College, yana kuma horar da ɗalibai wasanni. Ya ci gaba da yin tsere jefi-jefi a can, amma bai sake komawa Olamfik ba.

An naɗa shi fasto a 1932. A 1934 ya auri Florence Mackenzie, 'yar wasu 'yan mishan daga Kanada.

A 1937 yaƙi ya ɓarke gadan-gadan tsakanin Japan da Sin. A ƙarshen shekarar aka tura Liddell ƙauyen Xiaozhang da ke lardin Hebei, inda yayansa Robert ke aikin likita a asibitin mishan.

Yankin na tsakiyar fagen daga. Ya bar iyalinsa a birni, ya riƙa yawo ƙauye-ƙauye a kan keke, yana ratsa shingayen sojoji.

A wata tafiya ya ɗauko wani mutum da aka ji wa rauni a cikin amalanke domin kai shi asibiti, duk da cewa mutanen ƙauye na tsoron taimaka masa saboda fushin sojojin Japan. A hanya ya ƙara ɗauko wani da aka sara da takobi a wuya aka bar shi a matsayin matacce. Na biyun ya rayu.

Kuɗin da iyali suka biya

A 1941 gwamnatin Birtaniya ta shawarci 'yan ƙasarta su fice daga Sin. Liddell ya sa matarsa, wadda ke da juna biyu, da 'ya'yansu mata biyu a jirgin ruwa zuwa Kanada. Shi kuma ya tsaya.

Bai sake ganin su ba. 'Yarsa ta uku, wadda aka haifa a Kanada a wannan shekarar, ba ta taɓa sa mahaifinta a ido ba.

A nan ne labarin ke da wuyar haɗiya. Ƙin gudu a Paris shi kaɗai ya shafa, amma zamansa a Sin ya bar mace da goyon yara uku, ya kuma bar yara ba uba.

Littafi Mai Tsarki da ya umarci a sa Allah a gaba, shi ne kuma a wasiƙar Bulus ta farko zuwa ga Timoti ya yi kakkausan gargaɗi ga wanda bai kula da iyalinsa ba.

Masu goyon bayan matakin Liddell na cewa ya fara tabbatar da tsaron iyalinsa ne kafin ya tsaya, kuma bai dace makiyayi ya gudu ya bar mutanen da ya yi shekaru yana yi wa wa'azi a lokacin da suka fi buƙatarsa ba.

Wasu kuma na ganin cewa iyali ma amana ce daga Allah, kuma kula da su ba neman duniya ba ne. Muhawara ce da iyalan fastoci da 'yan mishan ke fama da ita har gobe.

Rayuwa a sansanin Weihsien

Bayan harin da Japan ta kai Pearl Harbor a watan Disambar 1941, 'yan Birtaniya da Amurka da ke yankunan da Japan ta mamaye sun zama abokan gaba.

A watan Maris na 1943 aka kai Liddell sansanin tsare fararen hula na Weihsien, a birnin da yanzu ake kira Weifang a lardin Shandong.

Wurin tsohuwar harabar mishan ce da aka cusa wa mutum kusan 2,000: 'yan kasuwa, malamai, limaman coci, tsofaffi da ɗaruruwan yara, ciki har da ɗaliban makarantar Chefoo da aka raba da iyayensu.

Abinci ya yi ƙaranci, ga cunkoso, ga sanyi. Langdon Gilkey, wani Ba'amurke da aka tsare a can wanda daga baya ya zama farfesan tauhidi, ya rubuta littafi a 1966 mai suna Shantung Compound, inda ya bayyana yadda yunwa da ƙunci suka fito da son kai a zukatan mutane, har da masu addini. Liddell na cikin 'yan kaɗan da ya yaba wa.

A sansanin, zakaran Olamfik ya koma mai ɗebo wa tsofaffi da marasa lafiya ruwa da gawayin kwal. Ya koyar da lissafi da kimiyya, har ya rubuta wa ɗalibai littafin ilimin sinadarai da hannunsa saboda babu na bugawa.

Shi ke shirya wa matasa wasanni, shi ke gyara sandunan hoki da suka karye da tsummokaran da ya yayyaga. Yaran sansanin na kiransa Kawu Eric.

Kullum da asuba, kafin sauran su farka, yakan tashi ya kunna 'yar fitilar man gyaɗa ya yi karatun Littafi Mai Tsarki da addu'a.

Ranar da ya yi alƙalanci a Lahadi

Da farko Liddell ya ce ba zai shirya wasa a ranar Lahadi ba, kamar yadda ya saba.

Matasan, waɗanda zaman kashe wando ya ishe su, suka shirya wasan hoki da kansu. Da yake babu alƙali, wasan ya ƙare da dambe.

A Lahadin da ta biyo baya sai ga Liddell a fili yana yi musu alƙalanci.

Mutumin da ya ƙi karya ƙa'idarsa domin lambar zinare da yabon ƙasa, ya sassauta ta domin kada yaran da ke tsare su raunata juna.

Masu nazarin rayuwarsa na danganta wannan da abin da ke cikin sura ta 2 ta littafin Markus, inda Yesu ya nuna cewa an kafa ranar hutu ne domin amfanin ɗan'adam. Ko kundin Westminster ma ya bar ƙofa a buɗe ga aikin jinƙai.

Wannan ya nuna cewa abin da ya kare a Paris ba ranar ce kawai ba. Tambayar da yake yi ita ce: wa zai amfana, ni ko wani? Idan ribar tasa ce, yakan haƙura. Idan ta wani ce, yakan duba.

Ya kuma koya wa matasan su riƙa yi wa sojojin Japan da ke gadinsu addu'a, bisa koyarwar Yesu ta ƙaunar maƙiyi. Ɗaya daga cikinsu, Stephen Metcalf, wanda Liddell ya ba tsofaffin takalmansa na tsere a lokacin sanyi, ya tafi Japan bayan yaƙin ya yi kusan shekara 40 yana aikin mishan a can.

Mutuwarsa da abin da ya bari

A ƙarshen 1944 Liddell ya fara fama da matsanancin ciwon kai da kasala. Ya rasu ranar 21 ga Fabrairun 1945 yana da shekara 43, sakamakon ƙari a ƙwaƙwalwa.

Ƙasa da wata shida bayan haka, ranar 17 ga Agusta, sojojin laima na Amurka suka dira a sansanin suka 'yantar da fursunonin.

Fim ɗin Chariots of Fire ya lashe kyautar Oscar huɗu, ciki har da ta fim mafi kyau. A 1991 Jami'ar Edinburgh ta kafa masa dutsen tunawa a Weifang. A Edinburgh kuma akwai cibiya mai ɗauke da sunansa da ke kula da masu cutar mantuwa da masu jinyarsu.

An samu 'yan wasan da suka bi sawunsa. Michael Jones, shahararren ɗan zari-ruga na New Zealand, ya ƙi buga wasa a ranar Lahadi, abin da ya sa wasanni uku suka wuce shi a gasar cin kofin duniya ta 1991, aka kuma ajiye shi a ta 1995.

Jonathan Edwards na Birtaniya, mai tsalle uku, bai je gasar duniya ta 1991 ba saboda wannan dalili. A 1993 ya sauya ra'ayi ya fara gasa ranar Lahadi, a 1995 ya kafa tarihin duniya na mita 18.29, sannan a 2007 ya bayyana cewa ya daina imani.

A yau manyan wasannin ƙwallo da na tsere da dama a ranar Lahadi ake yin su, kuma dubban 'yan wasa Kiristoci na shiga ba tare da jin sun saɓa wa addininsu ba.

Ga akasarin mabiya ma jarrabawar ba a filin wasa take zuwa ba. Takan zo ne a ofis idan an ce a sa hannu a takardar da ba gaskiya ba, ko a kasuwa idan ribar na buƙatar tauye mudu, ko a gida idan neman kuɗi ya cinye lokacin ibada da na iyali.

Akwai kuma wani abu da masu wa'azi kan tsallake idan suna ba da labarinsa. A lokacin da Liddell ya janye daga mita 100, babu wanda ya yi masa alƙawarin zinare a mita 400. Ya yanke hukuncin ne a lokacin da asara kawai ake gani.

Kuma zaɓinsa na biyu, na komawa Sin da tsayawa a can, bai ƙare da zinare ba. Ya ƙare ne da kabari a cikin sansanin fursuna, nesa da matarsa da 'ya'yansa.